Ƙwaryar Rantsuwa a Tafkin Onklu

Mun tashi daga Gema, unguwarmu a Paraku, ladan bai gama kiran assalatu ba, ni da wani maƙwabcina mahauci. Shi neman dabbar yanka ya fitar da shi, ni kuwa saƙon Kawu. Kawuna dillalin shanu ne a Jugu, kuma ba mutum ba ne mai ɓarnar yawu. Ya aiko wani direba ya gaya mini da baki cewa in zo cikin hutun nan na bazara, in taho da “gilashin nan na lakwal”. Shanu sun mutu a bakin wani tafki a ƙasar Onklu, har da nasa. Makiyaya sun ce manoma ne suka zuba guba. Tsohon da ke riƙe da tafkin ya ce ba su ba ne, kuma ran kasuwa mai zuwa zai cika ƙwarya daga inda shanun suka sha, ya shanye a gaban jama’a. Iyakar saƙon ke nan. Direban ya ƙara daga aljihunsa cewa ruwan ya yi kore shar, kamar an ɓarar da fenti.

Wannan ƙarin shi ya hana ni sakewa. Ni ilimin halittu nake koyarwa a Paraku, kuma na taɓa karanta labarin irin wannan koren ruwa a littattafan da muka yi karatu da su. In zatona ya yi daidai, to tsohon bai yi kome ba, amma duk da haka ƙwaryar za ta kayar da shi, jama’a kuma su ce gaskiya ta yi halinta. Darakta ya ba ni aron madubin ƙara girma, wanda shi kaɗai gare mu a lakwal, wato makarantarmu ta boko, bayan ya yi mini wa’azi a kansa wanda ya fi na ranar aurena tsawo.

A Gar, wato tasha, muka nemi mota. Wanda bai san Paraku ba, ya sani nan jirgin ƙasa na Kotonu yake gajiya ya tsaya, sauran arewa duka sai kamiyo, manyan motocin kaya. Gishiri da siminti da gangunan kananzir suna sauka, auduga da gyaɗa da kaɗanya suna hawa, masu dako suna zagin juna da harsuna huɗu ba tare da kowa ya ji haushi ba. Mun karya da kunu da ƙosai. Na lura tun da muka karɓi mulkin kai kuɗin ƙosai bai tashi ba, ƙosan ne dai yake ta ramewa. Maƙwabcina ya ce ni in zauna gaba saboda akwatin, shi zai hau baya kan buhunan gishiri, don ba ya so a ce shi ya fasa idon gwamnati. Metir yake kirana, kamar yadda ake kiran kowane malamin lakwal a nan, ko da kuwa shi ya girme ni nesa.

Hanyar Jugu jar ƙasa ce mai gargada kamar kwanon rufi. In direba ya yi a hankali, haƙora su yi ta kaɗawa. In ya yi gudu, motar ta daina kaɗawa ta fara iyo. Namu ya zaɓi iyo. Na rungume akwatin a cinya kamar mai jego. A wani shinge wani jandarma ya ce in buɗe. Ya dubi madubin ta sama, ya dube shi ta ƙasa, ya tambaya ko yana ɗaukar hoto. Na ce a’a, ƙwayoyin cutar da ke tafin hannun mutum yake nunawa, in yana so mu gwada nasa. Ya cusa hannayensa cikin aljihu ya ce mu wuce.

Mun ci sakwara a Beteru, kuma a nan doya ta fi ta Paraku araha, ta fi ta danƙo. Kogin Weme ya tsinke ya zama kududdufai, mata suna wanki a tsakiyar inda da damina kwalekwale ke tsoron bi. Ba mu yi nisa da garin ba motar ta fara huci, ruwanta ya tafasa. Direba ya tsaya kusa da wani tafki na gefen hanya, maƙwabcina kuwa, da yake mutum ne mai son a gode masa, ya naɗe hannun riga ya karɓi bokiti. Na bi shi in miƙe ƙafa. Tun kafin mu isa warin ya tarbe mu, irin na ɗanyar ciyawa da aka bari a tukunya. Iska ta tura wani kore mai kauri ta tara shi a gefe guda, kuma a kan busasshiyar lakar baki akwai zane shuɗi, kai ka ce an wanke kayan marina a wurin. Can sama da tafkin ga gonakin auduga, ga rumfa da tsofaffin buhunan takin zamani, wanda muke kira angire. Na ce masa ya yi hankali. Ya ce shi da ke cusa hannu a tumbin shanu kullum, gansakuka ba ta isa ta ba shi tsoro ba. Ya ture koren da damtse ya cika bokiti. Ni kuwa na ɗaura igiya a wuyan kwalba na ɗiba daga nesa. Kafin mu ga rufin farko na Jugu, ina jin sa daga baya yana susa yana salati.

Jugu, wadda tsofaffinmu ke kira Zugu, garin goro ne da goron ya canza hanya. Zauren Kawu an gina shi ne don kayan jakunan ayari guda, yanzu keke ɗaya ne a ciki da kaji. A gidan ana fara magana da Hausa, a ratsa ta Dendi, in an zo kan lampo, wato haraji, a koma Faransanci. Matar Kawu ta soya mana wagashi, cukun nan na Fulani mai jan baya, ta dubi hannayen maƙwabcina da suka yi ja suka fito da ƙuraje, ta ba shi man kaɗanya.

Bayan la’asar Kawu ya shimfiɗa mini zancen. Kakan tsohon nan mai tafki shi ne yake shayar da ayarin kakanninmu in sun fito daga Gwanja, bai taɓa hana su ruwa ba. Sambo kuwa, makiyayin da ya fi kowa asara kuma shi ne bakin masu ƙara, ubansa ne ya yi kiwon shanun uban Kawu, shi kuma yake kiwon na Kawu. Shanun da aka yi saurin yankawa an tarar da hantarsu ta kumbura ta yi baƙi, sai aka binne naman. Na ce to a je a roƙi tsohon ya fasa. Kawu ya girgiza kai. A al’adar ƙauyen, wanda ya furta rantsuwar ruwa ba ya janye ta, in ya janye ya amsa laifi. Mai ƙara kaɗai ke iya karɓar ƙwaryar daga hannunsa ya zubar, shi ke nan magana ta mutu.

“Ni ban yarda da rantsuwa da tafki ba, Allah na gani,” in ji Kawu. “Amma su sun yarda, kuma ba a makarantar allo muke ba. Ɗaya hannuna ne na dama, ɗaya na hagu. Kai ne ka yi boko, sai ka gaya mini wanne zan yanke.”

Washegari, ana gobe kasuwa, muka ari mobilet biyu, ƙananan babura, muka koma baya zuwa Onklu, muka saki babbar hanya muka bi ta ƙafa. Maƙwabcina ya biyo mu, wai ko zai sami tunkiya da araha a wurin mutanen da hankalinsu ya tashi. Tafkin ƙanen wancan ne na Beteru, uwa ɗaya uba ɗaya: kore ɗaya, wari ɗaya, shuɗin zane ɗaya, sai ƙarin ƙananan kifaye da suka juya ciki sama.

Mun sami tsohon a gindin wata ɗorawa. Bayome ne, ɗan ƙabilar manoman wurin, siriri, da Dendi muka gaisa. Da Kawu ya ce ni ɗan ƙanwarsa ne, sai ya kira ni jikan fatake. Na tambaye shi zurfin tafkin a da. Ya kai ni wajen wata saiwa da yanzu take tsaye a sarari, ya ce yana saurayi daga nan suke faɗawa, dogon mutum ya nutse har ya ɗaga hannu ba a gani. Yanzu in bijimi ya shiga tsakiya, ruwan bai taɓa cikinsa ba. Na tambayi yadda aka yi, ya ba ni labarin yasa.

A da, in bazara ta yi ruwa ya ja baya, sai a buga ganga. Ƙauye duka ya fito da kwanduna, makiyaya su ma su zo, tun da su ma suna sha. A kwashe lakar da damina ta tara a kai gonakin doya, a yi ci a yi sha, a yi waƙar zambo ga wanda kwandonsa ya fi ƙanƙanta. Da Nasara ya zo, wani kwamanda ya ga abin ya burge shi, sai ya mai da shi doka. Ya sa dogarai da bulala, ya haɗa shi da aikin hanya, ya cire ganga da abinci. Shekarar da aka karɓi mulkin kai, samari suka tara kwandunan yasa suka cinna musu wuta, suka ce aikin dole ya ƙare. Tsohon bai hana su ba. Ya ɗaga rigarsa ya nuna mini dalili a gadon bayansa.

Na gaya masa a fili cewa ban zarge shi ba, amma in ya sha ruwan nan zai kwanta, kuma a shekarunsa ba lalle ya tashi ba. Tafasawa ma ba ta kashe abin da ke ciki. Ya saurare ni da ladabi, irin yadda ɗalibai ke sauraren darasin da ba za a tambaye su a jarrabawa ba.

“Jikan fatake,” in ji shi, “gansakuka dai ce. Tare muka girma da ita. In kuwa ruwan da na tsare tun kafin a haife ka zai kashe ni, to shi ya sani.”

A nan kuskuren yake, kuma ba na wauta ba ne. Suna ɗaya muke ba duk wani kore da ke kan ruwa. Gansakukar da tsohon ya sani ita ce mai dogon zare kamar gashi, wadda yara ke ɗorawa a ka su yi wasa. Tana son ruwa mai zurfi da sanyi, da hasken rana da iska take haɗa abincinta, sai ɗan gishirin ƙasa, azot da fosfat, waɗanda kaɗan ne a ruwa mai tsabta, shi ya sa ba ta wuce gona da iri. Amma in tafki ya cike da laka, rana ta dafa shi har ƙasa, ruwan sama ya wanko angire daga gonaki, shanu kuma suka riƙa shiga tsakiya suna kashi da fitsari, sai wata ’yar’uwarta ta karɓi gari. Ita ƙanƙanuwa ce ƙwarai, littattafanmu shuɗiyar gansakuka suke kiranta. Tana da ’yan jakunkunan iska a jiki da ke taso da ita sama ta tare wa kowa rana. Shuɗin da ke bakin laka launinta ne da ke fita in ta mutu. Kuma cikin irin wannan zafi da ƙoshi da cunkoso, takan dafa wani abu a cikinta mai cin hanta. Ba kullum take dafawa ba, masana ma ba su gama gane ranar da take ɗora tukunyar ba. Abin da aka sani shi ne, abin da aka zuba mata da wutar da aka hura mata su ke faɗin abin da za a kwashe.

Wannan duka na gaya wa Sambo, amma ba da wannan tsari ba, don shi ba ya zama a kan benci. Kawu ya aika ya zo, dogo, da sanda a kafaɗa, bai dubi wajen tsohon ba. Na ɗora madubin a kan turmi, na juya shi ya kama rana, na ɗiga ruwan tafkin. Ya daɗe kafin ya gane da wane ido zai duba. Da ya gani kuwa, ya daɗe bai ɗago ba. Ya ce wannan ai garke ne. Na ce garke ne, kuma haihuwa suke yi in sun sami wurin kiwo. Ya tambayi wa ya koro su. Na ce ba wanda ya koro su, tun da can suna nan ’yan kaɗan, abinci ne ya yi musu yawa, rabi daga gonar manoma, rabi daga ƙarƙashin wutsiyar shanu. Bai ji daɗin rabi na biyu ba.

“To, Metir, nuna mini gubar.”

Na ce gilashina ba ya nuna ta. Masu dafa ta kawai yake nunawa. Ya miƙe ya gyara sandarsa, na ga alamar darasi ya ƙare ba a ci ba. Ina da sauran kwalbar Beteru, na ɗiga masa, ya ga garke iri ɗaya, ya ce kwalba ba ta da baki, ko’ina za a iya cika ta. Sai maƙwabcina, wanda tun ɗazu yake fama da susa a inuwa, ya miƙo damatsansa biyu a gaban Sambo ya ce in kwalba ba ta da baki, waɗannan suna da shi, kuma tun jiya ba su yi shiru ba. Ya kwatanta masa tafkin, da rumfar auduga, da inda motar ta tsaya. Sambo ya dubi ƙurajen, ya ce ya san wurin, ’yan’uwan uwarsa suna shayarwa a can. Ya juya ya tafi. Da aka neme shi da yamma, matarsa ta ce ya fita bakin hanya ya tari mota.

Ran kasuwa ba a yi ciniki da safe ba. Kowa yana bakin tafki, manoma gefe guda, makiyaya gefe guda, mu ’yan Jugu a tsakiya kamar kullum. Sambo bai dawo ba. Kawu ya roƙi a jira, dattawan ƙauye suka ce in inuwar ɗorawa ta bar saiwar, ba sauran jira. Na yi ta kallon inuwar nan fiye da yadda na taɓa kallon agogon aji. Ta bar saiwar. Tsohon ya tuɓe takalmi, ya je daidai inda koren ya fi kauri, bai ture shi ba, ya cika ƙwarya. Ya juyo ya yi magana da harshensu, ya ambaci kakanninsa. Na san in na taɓa ƙwaryar nan na gama da shi, don za a ce ya sayi ɗan boko ya cece shi. Na tsaya da ilimina a hannu kamar mai riƙe da laima a cikin ɗaki.

Ƙwaryar ta kai haɓarsa sa’ad da makiyaya suka dare. Sambo ne, ja wur da ƙurar hanya har gira. Bai yi gudu ba. Ya zo ya sa hannu biyu a ƙarƙashin ƙwaryar. Tsohon bai saki da wuri ba.

“Sake ta, Baba,” in ji Sambo. “Na je tafkin Beteru na gani. Maruƙan dangin uwata sun mutu, har da karen ruga. Kuma can ba su da abokin faɗa, da masu gonar suke cin tuwo.”

Ya karɓa ya tuntsurar da ita a kan busasshiyar laka. Ba a yi guɗa ba, ba a yi tafi ba. Tsohon ya dubi koren da ke tsotsewa a ƙasa, sannan ya ce da Dendi, yadda kowa zai ji, su ba su zuba kome a tafkin ba, abin da suka daina cirewa ne. Ya tambaya ko akwai wanda ya san inda gangar take.

An same ta, fatar ta huje, aka yi da garwar kananzir. Kwanduna kuwa sai na doya aka zazzage. Abin da na iya ba da shawara kaɗan ne: kada kowa ya shiga ruwan, a fara da gefen da ya bushe, a kewaye sauran da ƙaya, a kai shanu rafi kafin ruwa ya sauka, kuma a bar ciyawa tsakanin gonar auduga da tafki. Samarin ƙauye sun tsaya kallo da farko, hannu a ƙugu, har sai da suka ga Sambo, wanda ko fartanya bai iya riƙewa ba, ya ɗora kwandon laka a ka, tsofaffin mata suna yi masa waƙar zambo. Ni ma an ba ni kwando. Waƙar da aka yi mini ba a fassara mini ita ba, kuma ban nace ba. Maƙwabcina bai sami tunkiyarsa ba, amma ya sami masu sauraron labarin damatsansa har la’asar.

Mun dawo Paraku bayan kwana biyu a motar auduga, wuyana ba ya juyawa. Darakta ya ƙwace akwatin tun daga ƙofa, ya duba madubin gaba da baya kafin ya tambayi lafiyata. Kwalbar Beteru tana kan tagar ajinmu. Da safe koren yana tasowa sama, in an girgiza ya watse, ya sake tasowa, ɗalibai kuma sun fi gane darasin daga gare ta fiye da daga bakina.

Ban san ko za a buga garwar nan baɗi ba, kuma yasar shekara ɗaya ba ta mayar da zurfin da aka yi shekaru ana cikewa. Abin da na sani, tsohon yana nan da ransa da sunansa, kuma ba gilashina ne ya zubar da ƙwaryar ba, mutum ne da ya yarda ya hau mota ya je ya duba kafin wani ya mutu a kan zatonsa. Na kuma koyi cewa abu yakan riƙe sunansa bayan ya canza hali, ko a ruwa ko a tudu. Samarin da suka cinna wutar nan suna da gaskiya, na ga bayan tsohon da idona. Bulalar ce ta cancanci wuta. Kwandon namu ne tun kafin kwamanda ya zo.